Yadda ake gyara kuskuren bit biyu masu maƙwabtaka a ma'adanar kwamfuta da layin sadarwa

Abin da ya kamata ka fara riƙewa kafin ka ɗauki biro shi ne, kod ɗin gyaran kuskure ba ya gyara kowane irin kuskure. Wanda ka shirya masa kaɗai yake gyarawa. Idan wani iri ya zo masa, ko dai ya yi ƙara ya ce ya gagare shi, ko kuma, abin da ya fi muni, ya yi shiru ya taɓa inda ba ya ciwo ya miƙa maka bayanai gurɓatattu da sunan ya gyara. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan suka doru.

A 1950 ne Richard Hamming na Bell Labs ya wallafa kod ɗinsa, wanda ke gyara bit ɗaya tak a cikin kalma. Bit shi ne mafi ƙanƙantar ɗigon bayani a kwamfuta, ko 0 ko 1. Kalma a nan tana nufin jerin bit da ake rubutawa tare a kuma karanta tare. A 1970 M. Y. Hsiao na IBM ya fito da wani salo nasa da ya fi sauƙin ginawa a kan silikon, na irin kod ɗin da ake kira SEC-DED: ya gyara kuskure ɗaya, ya kuma gane biyu ba tare da ya gyara su ba. Shi ne ake gani a ma'adanar manyan kwamfutoci, inda bit 64 na bayani ke tafiya da bit 8 na gadi, wato ƙarin bit da ake gano kuskure da su, jimla 72. Wannan tsari ya ginu ne a kan zaton cewa kurakurai ɗaiɗai suke zuwa, kowanne da ƙafarsa. Zaton ya yi aiki shekaru da dama, sai dai ƙwayoyin ajiya sun yi ta ƙanƙancewa suna matsuwa da juna, har ta kai ɓarɓashi ɗaya idan ya ratsa silikon yakan juya ƙwaya biyu ko uku da ke jere.

Mataki na farko: san kamannin kuskurenka

A ma'adana, manyan masu laifi biyu ne. Timothy May da Murray Woods na Intel sun nuna a 1978 cewa ɗan burbushin yuraniyom da toriyom da ke cikin kayan da ake rufe cip da su yana fitar da ɓarɓashin alfa da ke juya bit a DRAM, wato ma'adanar da kwamfuta ke riƙe bayani a cikinta yayin aiki. A 1979 kuma James Ziegler na IBM da William Lanford suka bayyana cewa ɓarɓashin da ke zubowa daga sararin samaniya ma yana yin haka. Ƙwayar ba ta lalace ba, cajin da ke cikinta ne ya canza, shi ya sa idan aka sake rubutu a kanta take komawa lafiya lau.

A layin sadarwa dalilan daban ne: tartsatsin lantarki, dushewar siginar rediyo na ɗan lokaci, ƙarzuwa a jikin faifai, ko na'urar karɓa da ke dogara da hukuncin da ta yanke a kan bit na baya, ta yadda idan ta kuskure ɗaya sai ta ja na gaba su bi shi. A nan kuskuren yakan yi tsawo, goma ko ɗari ko dubu a jere.

Don haka ka nemi amsar tambaya biyu a rubuce, daga gwajin harba ɓarɓashi da aka yi wa cip ɗin ko daga rajistar kurakuran layin: bit nawa ne mafi yawa ke juyewa a bugu ɗaya, kuma sau nawa hakan ke faruwa idan aka kwatanta da kuskure ɗaya tilo? Idan amsar ita ce biyu, kod na bit biyu maƙwabta ya ishe ka. Idan ta wuce huɗu, tsallaka zuwa mataki na bakwai da na takwas kawai.

Mataki na biyu: gano wa ke maƙwabtaka da wa

Nan ne aka fi yin tuntuɓe. Bit na 5 da na 6 a takarda maƙwabta ne, amma wannan bai nuna suna gefen juna a kan silikon ba. Masu zana ma'adana sukan cakuɗa ginshiƙai, ta yadda ƙwayoyin da ke jere a layi ɗaya na kalmomi daban-daban ne. Ɓarɓashi kuwa bai san lambar da ka ba bit ba, inda ya faɗa nan yake ɓarna.

Sai ka samu taswirar shimfiɗar ƙwayoyin daga wanda ya zana. Idan maƙwabtakar ta sama da ƙasa ce, wato layi daban-daban, kowace kalma bit ɗaya ta rasa kuma kod na Hsiao zai wadatar. Idan ta gefe da gefe ce a cikin kalma ɗaya, to aikinmu ya same mu. Ka kuma duba inda bit na gadi suke zaune, domin su ma suna juyewa kamar kowa, kuma na gadin da ke bakin iyaka yana da maƙwabci a cikin na bayani. Jerin da za ka yi lissafi da shi daga nan har ƙarshe shi ne jerin zahiri na kan silikon.

Mataki na uku: ƙidaya bit na gadi

Dabarar gaba ɗaya ita ce kowane gurbi a cikin kalma a ba shi lambar shaida tasa. Wajen karantawa, sai a tattara lambobin shaidar duk gurbin da ke ɗauke da 1 a haɗa su da XOR. XOR haɗi ne mai sauƙi: ana jera lambobi biyu a kwatanta su gida-gida, inda suka yi daidai a rubuta 0, inda suka bambanta a rubuta 1. Abin da ya fito shi ake kira sindirom, mu kira shi alamar ciwo. Idan sifili ne zalla, kalma lafiyarta ƙalau. Idan ba haka ba, alamar ce za ta nuna inda ciwon yake.

Ga abin da ke faruwa da kod na Hamming mai bit 7 idan maƙwabta biyu suka juye. Lambar shaidar gurbi na 2 ita ce 010, ta gurbi na 3 kuma 011. Haɗinsu ya ba da 001, wadda ita ce shaidar gurbi na 1. Sai mai warware kod ɗin ya je ya juya gurbi na 1 da babu abin da ya same shi. Kuskure biyu ya zama uku.

Domin kauce wa wannan, dole kowane ciwo da kake son gyarawa ya sami alama tasa shi kaɗai. Idan kalma tana da gurbi n, akwai kuskure tilo guda n, akwai maƙwabta biyu-biyu guda n − 1, ga kuma alamar lafiya guda ɗaya. Jimla 2n ke nan. Bit na gadi guda r suna ba da alamomi 2 × 2 × 2…, wato 2 guda r an ninka su da juna, don haka dole wannan adadi ya kai 2n ko ya wuce.

Gwada da bayani mai bit 64. Da gadi 7, kalma ta zama 71, ana buƙatar alama 142, alhali 128 ke akwai. Bai isa ba. Da gadi 8, kalma ta zama 72, ana buƙatar 144 cikin 256. Ya isa har da saura. Bit 32 na buƙatar gadi 7, bit 16 kuma gadi 6. Ka lura cewa waɗannan su ne adadin da SEC-DED ke ci tun asali. Wato gyaran maƙwabta biyu ba ya neman ƙarin ƙwayar ajiya ko ɗaya. Wannan ne ya sa ake sha'awarsa, amma kada ka yi saurin murna, akwai inda ake biya.

Mataki na huɗu: gina ƙarami da hannu

Kafin ka ba kwamfuta aikin bit 72, ka gina na bit 7 a takarda, bit 3 na bayani da 4 na gadi. Irin wannan kod Norman Abramson ne ya bayyana shi a 1959, mutumin da daga baya ya jagoranci ginin ALOHAnet, hanyar sadarwar kwamfutoci ta rediyo, a Jami'ar Hawayi.

Fara da 0001. A kowane mataki ka tura lambar gida ɗaya zuwa hagu, ka cike dama da 0. Duk lokacin da 1 ya faɗo ta bakin hagu, ka haɗa abin da ya rage da 1101 ta XOR. Za ka sami:

gurbi 1: 0001
gurbi 2: 0010
gurbi 3: 0100
gurbi 4: 1000
gurbi 5: 1101
gurbi 6: 0111
gurbi 7: 1110

Idan ka ƙara turawa sau ɗaya za ka koma 0001, alamar ba ka yi kuskure ba. Yanzu dubi yawan 1 a kowace lamba: ko ɗaya ko uku, duka mara ne. Wannan ita ce hikimar Hsiao. Mara haɗe da mara kullum cika yake bayarwa, saboda haka alamar kuskure biyu ba za ta taɓa yin kama da ta kuskure ɗaya ba. Abin da ya rage shi ne a tabbatar alamomin maƙwabtan ba su yi karo da juna ba:

1 da 2: 0011
2 da 3: 0110
3 da 4: 1100
4 da 5: 0101
5 da 6: 1010
6 da 7: 1001

Shida ne, babu biyu iri ɗaya. Gurbi na 1 zuwa 4 su ne na gadi, tunda kowannensu 1 guda ne a shaidarsa, gurbi na 5 zuwa 7 kuma na bayani.

A ce za ka adana 101. Ke nan gurbi na 5 yana da 1, na 6 yana da 0, na 7 yana da 1. Haɗa shaidar 5 da ta 7: 1101 da 1110 sun ba da 0011. Wannan lamba ita ce za ta gaya maka masu gadin da za a kunna, ana karanta ta daga dama: gidan ƙarshe na dama na gurbi na 1 ne, mai bi masa na gurbi na 2, haka har zuwa hagu. Don haka gurbi na 1 da na 2 su zama 1, na 3 da na 4 su zama 0. Kalmar da za a rubuta, daga gurbi na 1 zuwa na 7, ita ce 1100101.

Yanzu ɓarɓashi ya faɗo ya juya gurbi na 5 da na 6. Abin da aka karanto shi ne 1100011. Guraben da ke da 1 su ne na 1, na 2, na 6 da na 7. Haɗa 0001 da 0010, ka sami 0011. Ƙara 0111, ka sami 0100. Ƙara 1110, ka sami 1010. Duba jadawali: 1010 ita ce alamar 5 da 6. Juya su, kalma ta koma 1100101, bayaninka 101 ya dawo.

Gwada kuskure tilo ma, a gurbi na 3. An karanto 1110101, haɗin shaidun 1, 2, 3, 5 da 7 ya ba da 0100, wato gurbi na 3 daidai. Ina ba da shawarar ka yi duk goma sha ukun da hannunka sau ɗaya. Minti kaɗan ne, kuma bayan haka ba za ka ƙara ruɗewa da babban jadawali ba.

Mataki na biyar: auna gyaran ganganci

Ga inda ake biya. Koma kan kalmar 1100101, amma wannan karon gurbi na 1 da na 3 ne suka juye, waɗanda ba maƙwabta ba ne. An karanto 0110101. Haɗin shaidun 2, 3, 5 da 7 ya ba da 0101. Mai warwarewa ya duba jadawali ya ga 0101 alamar 4 da 5 ce, ya juya su hankali kwance. Kalma ta zama 0111001, bayanin da ya fita 001 ne maimakon 101. Abin takaicin shi ne tun farko masu gadi ne kawai suka ji ciwo, bayanin bai taɓu ba, gyaran ne ya ɓata shi. Garin neman gira an rasa ido. Kuma babu ƙararrawar da za ta buga, domin 0111001 halastacciyar kalma ce, alamarta sifili.

Ƙidaya abin ka gani. A kalma mai gurbi 7 akwai hanya 21 ta zaɓar gurbi biyu. Shida maƙwabta ne, 15 ba maƙwabta ba. Alamomin cika da ba sifili ba guda 7 ne, mun cinye 6, saura 1111 kaɗai. Ma'aurata uku ne ke faɗawa kanta: 1 da 7, 2 da 5, 4 da 6. Waɗannan ukun za a gane su a yi ƙara. Sauran 12 duk gyaran ganganci za a yi musu. Da a ce SEC-DED aka bar wannan kod ɗin, da duk 21 an gane su, ko da yake ba a gyara ko ɗaya ba. Haka nan idan uku a jere suka juye, misali 1, 2 da 3, alamar 0111 ce, sai a je a taɓa gurbi na 6.

A babbar kalma abin ya ɗan yi sauƙi, amma bai tafi ba. Da gurbi 72 akwai ma'aurata 2,556, daga ciki 71 maƙwabta, 2,485 ba maƙwabta ba. Alamomin cika 127 ne, maƙwabta sun kwashe 71, saura 56. Idan waɗancan 2,485 suka bazu daidai wa daida a kan alamomin, fiye da rabinsu za su faɗa kan alamar wasu maƙwabta. Ƙara gadi ɗaya ya zama 9, alamomin cika su koma 255, kason ya sauko ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Avijit Dutta da Nur Touba na Jami'ar Tekzas da ke Austin sun wallafa aiki a 2007 a kan kod da suka kira SEC-DED-DAEC, wato SEC-DED da aka ƙara masa gyaran maƙwabta biyu, kuma jigon aikin shi ne zaɓen lambobin shaida ta yadda za a rage wannan karo. Ragewa ake yi, ba kawarwa ba, muddin ba a ƙara masu gadi sosai ba.

Hukuncin a nan naka ne, kuma ya danganta da abin da ma'adanar ke riƙe da shi. Idan kwafi ne na bayanin da ke wani wuri, kamar ma'ajiyar wucin gadi ta umarnin firosesa, ni a ganina gara ka bar SEC-DED: da an ga kuskure biyu sai a zubar a sake ɗaukowa. Idan kuwa wannan ne kaɗai kwafin, kuma awonka na mataki na farko ya nuna maƙwabta biyu sun fi biyu na nesa yawa nesa ba kusa ba, to gyaran ya cancanci kasadar.

Mataki na shida: faɗaɗa zuwa kalma ta gaske

Bit 72 ba aikin hannu ba ne, ɗan gajeren shiri za ka rubuta. Lissafo duk lambobi masu gida 8 da yawan 1 ɗinsu mara ne. Masu 1 guda su 8 ne, na masu gadi ne. Masu uku su 56 ne, sai a cike ragowar 8 daga masu biyar. Ana fifita masu ƙarancin 1 ne domin kowane 1 a jadawalin ƙofar XOR ce a kan silikon, mai cin wuri da wuta da lokaci.

Sai shirin ya riƙa jera su ɗaya bayan ɗaya. Duk lambar da zai ɗora, ya haɗa ta da wadda ke bayanta ya duba ko an riga an yi amfani da alamar da ta fito. Idan an yi, ya gwada wata. Idan duk sun ƙi, ya ja da baya mataki ɗaya ya canza zaɓin da ya gabata. Jeri mai aiki ba ya wuyar samu, don haka kada ka tsaya a na farko. Tara da yawa, ka ƙidaya gyaran gangancin kowanne, ka ɗauki mafi ƙaranci. Ka kuma so yawan 1 a kowane layi na jadawalin ya yi kusan daidai, don kada bit ɗaya na alamar ya riƙa makara ya tsayar da sauran.

A ɓangaren mai warwarewa, kowane gurbi yanzu yana da dalili uku na a juya shi: alamarsa shi kaɗai, alamarsa da maƙwabcin hagu, alamarsa da maƙwabcin dama. Ke nan masu kwatanta alama sun tashi daga 72 zuwa 143. Duk alamar da ba sifili ba kuma ba ta cikin jadawali, a ɗaga tutar "ya gagara". Kada ka bar wannan tuta ba a haɗa ta da komai ba. Na sha ganin zane inda aka yi ta da kyau amma babu wanda ke sauraronta.

Mataki na bakwai: saƙa, idan wuri ya ba da dama

Akwai hanyar da ta girmi duk wannan kuma sau da yawa ta fi shi: a raba maƙwabtan tun farko. Ɗauki kalmomi huɗu, A, B, C da D. Maimakon a ajiye A gaba ɗaya sannan B, sai a saƙa su: bit na farko na A, na farko na B, na C, na D, sannan na biyu na A, haka har ƙarshe. Bugun da ya juya ƙwaya huɗu a jere ya taɓa kowace kalma sau ɗaya ne kawai, kuma SEC-DED na yau da kullum zai gyara kowacce ba tare da ya rasa ikon gane kuskure biyu ba. Yawan kalmomin da aka saƙa shi ake kira zurfi, kuma ƙa'idar ita ce zurfi ya kai tsawon kuskure mafi tsawo da ka auna.

To me ya sa ba a tsaya nan ba? Saboda a ma'adana saƙa tana faɗaɗa layi, kowane karatu sai ya motsa ƙwayoyin kalmomi huɗu don a ɗauki ɗaya, wayoyi su yi tsawo, wuta ta ƙaru. A ƙananan ma'adanai kamar rijistocin firosesa, da ma'adanar da ake bincika ta da abin da ke cikinta ba da adireshi ba, saƙa takan yi wuya ko ta ƙi yiwuwa sam. Nan ne kod na maƙwabta biyu ya fi amfani. Ana kuma iya haɗa su: saƙa mai zurfi 2 tare da kod na maƙwabta biyu za ta ɗauki ƙwaya huɗu a jere.

A layin sadarwa kuɗin saƙa jinkiri ne. Mai aikawa yana rubuta kalmomi layi-layi a cikin jadawali ya aika su ginshiƙi-ginshiƙi, mai karɓa kuma sai jadawalin ya cika kafin ya fara warwarewa. Kalmomi biyar masu bayit 255, kowane bayit bit 8, sun kai bit 10,200. A layin da ke tafiyar bit 100,000 a daƙiƙa, wannan kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ne na jira. Ga saukar fayil ba komai ba ne, ga hirar murya kuwa abin lura ne.

Mataki na takwas: idan kuskuren dogo ne, koma kan dunƙule

Akwai iyaka da Reiger ya tabbatar a 1960: kod ɗin da zai gyara duk kuskuren jere mai tsawon b yana buƙatar aƙalla 2b na bit masu gadi. Ƙaramin kod ɗinmu yana gyara tsawon 2 da gadi 4, ya zauna daram a kan iyakar. Philip Fire ya fito da nasa kod na kuskuren jere a 1959, kuma tsarin wayar GSM yana amfani da irinsa a tashoshin sarrafawa, bit 184 na bayani da 40 na gadi.

Amma wanda ya mamaye fagen shi ne na Irving Reed da Gustave Solomon na 1960. Shi ba ya ƙirga bit, dunƙule yake ƙirgawa, galibi bayit guda mai bit 8. Ko bit ɗaya ya juye a cikin dunƙulen ko duka takwas, kuskure ɗaya ne a wurinsa. Kowane dunƙule biyu na gadi na gyara dunƙule ɗaya. Wanda ake amfani da shi a sadarwar kumbon sama jannati yana da bayit 255, 223 na bayani da 32 na gadi, yana gyara 16. Na talabijin ɗin dijital na DVB yana da 204, 188 na bayani, yana gyara 8, an kuma haɗa shi da saƙa mai zurfi 12. Faifan CD yana da irinsa hawa biyu da saƙa a tsakani, shi ya sa ƙarzuwar da ta kai milimita biyu da 'yan kai ba ta hana sauti fita. Ethernet mai saurin gigabit 400 yana amfani da dunƙule mai bit 10, guda 544 a kalma, 514 na bayani, yana gyara 15.

Wajen lissafi ka kiyayi bakin iyakar dunƙule. Bit biyu maƙwabta, ɗaya a ƙarshen wannan bayit ɗaya a farkon na gaba, dunƙule biyu suka ci. Saboda haka kod mai gyara bayit 16 ba bit 128 a jere yake lamunce maka ba. Abin da yake lamuncewa a kowane hali shi ne 15 sau 8 a ƙara 1, wato 121. Wannan tarko ne ya sa kod mai gyara dunƙule ɗaya tak ba ya maye gurbin kod na maƙwabta biyu.

Wannan tunani na dunƙule ne ake bi a allunan DRAM na manyan kwamfutoci, inda kalma ke rarrabe a kan cip da yawa, kowanne na ba da bit 4 ko 8. Idan cip ɗaya ya mutu, dunƙulensa ne ya tafi, kuma tsarin da IBM ya sa wa suna Chipkill an yi shi ne don na'ura ta ci gaba da aiki a haka. Kada kuma ka ɗauki gyaran da ke cikin cip na DRAM irin DDR5 a matsayin madadin wannan: bit 8 ne na gadi a kan 128, kuskure ɗaya yake gyarawa, a cikin cip ɗin kaɗai.

Mataki na tara: shara da gwaji

Mafi yawan kuskure biyu na nesa ba bugu ɗaya ke kawo su ba. Ɗaya ne ya faru ya kwanta ba a karanta kalmar ba, bayan kwanaki wani ya zo ya same shi. Maganinsa shara: wani ɗan da'ira ko shiri ya riƙa zagaya ma'adanar a lokacin da ba a aiki da ita, ya karanta kowace kalma, ya gyara, ya mayar da gyararren. Ka tabbata ana mayarwa ɗin, domin wasu zane-zanen suna gyara abin da suka miƙa wa firosesa ne kawai su bar na cikin ƙwaya yadda yake. Ga mai amfani da kod na maƙwabta biyu shara ba zaɓi ba ce, ita ce ke rage aukuwar kuskuren da ya fi jin tsoro.

Gwajin kuwa ka yi shi kakaf, tunda adadin bai da yawa. A kalma mai bit 72, cusa kuskure tilo 72 ɗaya bayan ɗaya, duk su gyaru. Cusa maƙwabta 71, duk su gyaru, har da wanda ya haɗa na gadi da na bayani. Cusa na nesa 2,485 ka rubuta nawa aka gane nawa aka yi wa gyaran ganganci, adadin ya yi daidai da abin da shirinka ya lissafa. Sannan uku-uku a jere guda 70, don ka san abin da zai faru ranar da bugu ya wuce abin da ka auna. A lissafi alamar ciwo ba ta damu da bayanin da ke cikin kalma ba, amma wayar da aka haɗa ba daidai ba ta damu, don haka maimaita gwajin da sifili zalla, da 1 zalla, da 1010 a jere, da kuma bayanai na kan-mai-uwa-da-wabi. Daga ƙarshe ka ɗauko taswirar mataki na biyu ka bi ta gurbi-gurbi, ka tabbatar abin da jadawalinka ke kira gurbi na 5 da na 6 su ne ƙwayoyin da ke gefen juna a zanen ƙarshe da za a aika masana'anta, domin shimfiɗar takan canza bayan an gama zaɓen kod.